Na Tarar da "Shinkafar Hausa" a Barazil

A wannan wata tsarabar tafiya na kawo miki, daga wata ƙasa da ko a mafarki ban taɓa zaton zan taka ba, wato Barazil da ke nahiyar Kudancin Amurka.

Ranar da maigida ya shigo bayan sallar isha'i ya ce mini harkar aikinsa za ta kai shi can, kuma tunda tafiyar ta faɗo cikin dogon hutun makaranta yana so mu tafi tare, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ƙasar 'yan ƙwallo?" Domin kuwa iyakar sanina da ita ke nan, Pele da Ronaldo da rigar nan ruwan ɗorawa da yaran unguwarmu ke sawa suna tayar mana da ƙura a ƙofar gida. Da labari ya kai kunnen surukata, Hajiya ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, "In kuɗi ne suka yi muku yawa, ai ga Umara nan. Me mace mai 'ya'ya uku za ta je nema a ƙasar da ba a jin kiran salla?" Ban ce mata komai ba, don ni ma tambayar tana cina a rai. Tikitina kaɗai sai da ya cinye kwasar adashena gaba ɗaya, maigida ya cika sauran, ga yara da zan bar wa ƙanwata har kwana goma sha biyu, autan ma bai daɗe da yaye ba.

Amsar tambayar Hajiya sai a can na samo ta, a wani gari na bakin teku da ake kira Salvador. Amma bari mu bi hanya daki-daki, domin kafin ki kai can akwai gumi.

Shirin tafiya

Barazil ita ce ƙasa mafi girma a Kudancin Amurka. A faɗin ƙasa ta ninka Nijeriya sau tara, kuma ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutane miliyan 203. Babban birninta Brasilia ne tun 1960, kodayake Rio de Janeiro da Sao Paulo sun fi shi suna. Harshensu Fotugis ne, saboda Turawan Fotugal ne suka mulke su. Ki riƙe wannan da kyau 'yar'uwa, domin Turancin da kika sha wahala kika koya a kwaleji ba zai saya miki ko ruwan sha ba a yawancin shaguna. Ki sauke manhajar fassara a wayarki tun daga gida, irin wadda ke aiki ko babu intanet, sannan ki hardace 'yan kalmomi. Na gode a bakin mace shi ne "obrigada", ruwa "agua", kifi "peixe", kaza "frango". Akwai wata kalma da ta fi waɗannan duka muhimmanci, za mu zo kanta.

Ɗan Nijeriya sai da biza yake shiga. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, akwai kuma ƙaramin ofishi a Legas. Ki tanadi fasfo mai sauran wa'adi, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki na wanda zai ɗauki nauyin tafiyar. Idan maigida ne zai ɗauka, to takardar shaidar aure za ta yi miki rana, kuma kin san da yawanmu goro da alewa ne kawai shaidar aurenmu, don haka a nema tun da wuri. Kada ki manta da katin rigakafin cutar shawara, da kuma maganin sauro na shafawa, domin suna fama da zazzaɓin dengi wanda sauron da ke cizo da rana ke kawowa.

Hanyar kanta abin dariya ce. In kika dubi taswira, Barazil tana fuskantar mu ne ta yamma, Tekun Atilantika kaɗai ya raba mu. Amma mu daga Katsina mota muka shiga zuwa Kano, daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka yi gabas zuwa Adis Ababa ta ƙasar Habasha, sannan muka juyo muka sake ratsa Afirka da teku, awa goma sha biyu a sama, kafin mu sauka Sao Paulo. Wasu ta Dubai ko Doha ko Istanbul suke bi. A watan Agustan 2025 ƙasashen biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar sufurin jiragen sama, don haka kafin ki biya kuɗi ki tambayi masu sayar da tikiti ko akwai hanya mafi kusa.

Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu. Lokacin da kike shirin sallar la'asar a can, a Katsina an idar da magariba, sai ki san sa'ar da za ki kira yara kafin barci ya ɗauke su. Yanayinsu kuma kishiyar namu ne. Mun bar Katsina a tsakiyar damina cikin watan Agusta, muka tarar da Sao Paulo cikin sanyi kamar tsakiyar hunturu, ni kuwa ban zo da ko suwaita ɗaya ba. Zafinsu daga Disamba ne zuwa Maris. Sannan ki guji makon bikinsu na Kanibal, wanda ke faɗowa a watan Fabrairu ko farkon Maris. Masauki na tsada ninki-ba-ninki, ana rufe tituna, ana shaye-shaye da rawa dare da rana, ba wurin zuwan mai iyali ba ne.

Abin da ya same ni a kan wake

A Sao Paulo muka yi kwana biyar, maigida na fita aikinsa, ni ina zagayawa tare da matar wani abokin aikinsa. Birni ne na dogayen benaye da cunkoso, ya fi kowane birni a ƙasar yawan mutane. Mai son sayayya ta nufi titin 25 de Marco ko unguwar Bras, can ake sarin tufafi da takalma da jakunkuna, kuma a nan ne za ki fi cin karo da Larabawa 'yan asalin Lebanon da Siriya da gidajen abincinsu. A birnin ne kuma masallaci mafi daɗewa a ƙasar yake, ana kiransa Mesquita Brasil, a unguwar Cambuci. Musulmi 'yan ƙalilan ne a Barazil, ƙidayar 2010 ta samu kimanin 35,000, kodayake ƙungiyoyin Musulmin ƙasar suna cewa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Suna da wani tsari da ya burge ni, gidan abinci na kilo. An jera abinci kala-kala, ki ɗauki faranti ki ɗebi abin da kike so, a ɗora a sikeli, ki biya gwargwadon nauyinsa. Rana ta biyu na ga shinkafa da wake, abincin da kowane gida ke ci kullum a ƙasar, na ce to ga na gida. Na yi loma biyu, a ta uku cokali ya ɗago wani ɗan guntun nama mai kitse. Na kira mai kula da wurin na nuna mata, ta yi murmushi ta ce, "Porco." Alade ke nan. 'Yar'uwa, ban san lokacin da na isa banɗaki ba. Na yi ta kurkure baki ina hawaye, maganar Hajiya tana yi mini amsa-kuwwa a kunne. Da daddare maigida ya tuna mini abin da ni kaina nake koya wa ɗalibaina, cewa ba a kama bawa da abin da ya aikata bisa kuskure. Na sani, amma sai da na kwana biyu a kan burodi da ayaba da shayi.

To ga kalmar da na ce miki ta fi kowace muhimmanci: "sem porco", wato ban da alade. Kuma ita kaɗai ba ta wadatarwa, domin da yawansu in kin ce alade tsokar nama kawai suke nufi, ba sa lissafa kitsensa da tsiransa da suke jefawa a tukunya don ƙamshi. Ki tambaya da sunayensu: "bacon", "toucinho", "linguica", "presunto". Wakensu, da soyayyen garin rogon da suke kira "farofa", da fitaccen abincinsu "feijoada", duka ki ɗauka akwai alade a ciki har sai an tabbatar miki da babu. Abin mamaki shi ne Barazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin da aka yanka ta hanyar Musulunci, da yawa daga kajin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai nata ne, amma wannan kayan fitarwa ne, ba lallai shi ne ke kan teburin gidan abincin da kika shiga ba. Mafita ita ce kifi da ƙwai da kayan lambu, sai 'ya'yan itatuwa da Allah ya hore musu, mangwaro da gwanda da abarba da gwaiba da ruwan kwakwa mai sanyi. In kina marmarin nama, ki tambayi mutanen masallaci inda suke saye. In kuma da hali, ki kama masauki mai ɗakin girki, ki taho da yajinki da kukarki da daddawarki a ƙulle da kyau, amma ban da kilishi, don ana iya ƙwace nama a filin jirgi.

Rio kwana biyu kawai muka yi, kuma ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. Akwai dutsen Pao de Acucar da ake hawa cikin wani akwatin gilashi mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, daga samansa ki ga birni da teku da duwatsu, ki yi ta tasbihi. Bakin ruwan Copacabana kuwa, mai kunya ta kalle shi daga cikin mota ya ishe ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai a Rio shi ne wasu tsofaffin duwatsun daɓe da aka tono a 2011 a wurin da ake kira Valongo. Matsayar jiragen ruwa ce da aka sauke bayi 'yan Afirka kusan 900,000 a kanta. Daga nan ne jikina ya fara ba ni cewa wannan tafiya ta wuce kallon gine-gine.

Salvador

Daga Rio awa biyu ne a jirgi zuwa Salvador, babban birnin jihar Bahiya, wanda shi ne hedikwatar Barazil ta farko, daga 1549 zuwa 1763. Maigida ne ya nuna mini wani abu a taswira: kamar yadda Katsina take a daraja 13 arewa da layin ikwaita, haka Salvador take a daraja 13 kudu da shi. Ko alƙibla ma kusan ɗaya ce, gabas da ɗan karkatawa arewa. Da muka fito titi kuwa sai na ga fuskoki irin namu ta ko'ina, har na riƙa waiwayen wata mata da ta yi mini kama da gwaggona ta Ƙofar Marusa.

A bakin hanya ga mata cikin fararen kaya da ɗaurin kallabi, suna zaune gaban kasko, suna sakin ƙullun wake cikin tafasasshen manja. Ƙosai ne, ba ko tantama. Suna kiransa "acaraje", daga akara na Yarbawa, sai dai nasu ƙato ne, ana tsaga shi a cusa masa miyar kuɓewa da jatan lande da yaji. Sannan a wani gidan abinci ina duba takardar jerin abinci, idona ya faɗa kan "arroz de hauca". Na tambayi mai yi mana jagora, wata ɗalibar tarihi mai jin Turanci, ta ce ma'anarsa shinkafar Hausa. Ta ce Hausa wasu mutane ne da aka kawo daga Afirka tun zamanin bauta. Na dafa ƙirji na ce mata ni Bahaushiya ce. Ta zuba mini ido kamar ta ga wanda ya fito daga cikin littafi.

Uwargida, ko kin san sama da mutum miliyan huɗu aka kwasa daga Afirka zuwa Barazil, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma ba ta haramta bauta ba sai ranar 13 ga Mayu, 1888? A farkon ƙarni na 19 Hausawa da yawa sun shiga cikin wannan kaso. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun sa an riƙa kama mutane ta kowane ɓangare, ga kuma 'yan fashi da ke tare ayarin fatake. Daga hannu zuwa hannu ake gangarawa da su kudu, har Legas da Badagiri da Wida, a zuba su a jirgin ruwa. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci: Bature bai zo Katsina ko Zazzau ya kama kowa ba, a bakin teku ya tsaya, hannun baƙar fata ne ya miƙa masa. Wani jakadan Faransa a Bahiya mai suna Francis de Castelnau ya tattauna da wasu bayin, ya buga bayanansu a 1851, kuma a cikinsu akwai mutanen Kano da Zazzau da Katsina, suna lissafa masa garuruwan da suka ratsa har zuwa teku.

Waɗannan mutane ba su kwanta an taka su ba. A 1807 aka gano shirin boren Hausawa a Salvador, a 1809 da 1814 kuma suka tashi da gaske. Mafi shahara shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, wanda ake kira boren Male, daga kalmar "imale" da Yarbawa ke kiran Musulmi da ita. Yawancinsu Yarbawa ne Musulmi, tare da Hausawa da Nufawa. A cikin malamansu akwai wani Bahaushe da ya fanshi kansa, ana kiransa Dandara, mai shagon taba, wanda ke koyar da karatu da salla. Asirin ya tonu ne ta hanyar wata mata da ta fita neman mijinta bayan sun sami saɓani, ta tarar da su suna shiri, ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta kai wa hukuma. Dole suka fito kafin lokacin da suka tsara, su kimanin 600, sanye da fararen riguna, da layu a wuya, yawancinsu takubba da wuƙaƙe ne a hannunsu. Kafin gari ya waye sojan doki sun murƙushe su a wurin da ake kira Agua de Meninos, an kashe kimanin 70. Bayan shari'a aka harbe huɗu ranar 14 ga Mayu, aka yi wa wasu ɗaruruwan bulala, aka yanke wa wani dattijon malami mai suna Pacifico Licutan bulala 1,000, aka kuma kori 'yantattu da dama zuwa Afirka. Zuriyar irin waɗanda suka dawo su ne Aguda na Legas da Tabom na Ankara a ƙasar Gana.

Duk waɗannan wurare da ƙafa za ki taka su. Tsohuwar unguwar garin sunanta Pelourinho, gidaje masu fenti kala-kala da titunan dutse, masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto, alhali ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Kusa da ita akwai gangaren Ladeira da Praca inda faɗan ya fara, da lif ɗin Lacerda mai tsawon mita 72 da ke sauke mutane daga garin tudu zuwa garin kwari, da gidan tarihin kayan Afirka a dandalin Terreiro de Jesus. Filin da aka harbe mutum huɗun nan, Campo da Polvora, yanzu tashar jirgin ƙasa ce, mutane na wucewa da ledojin cefanensu.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne kayan da 'yan sanda suka kwaso daga gidajensu: alluna da tawada da 'yan takardu masu ayoyi da addu'o'i. Har rubutun sha suna yi, a wanke allo a sha kamar yadda kakanninmu ke ba mu. Takardun suna nan a adane a gidan ajiyar takardun tarihi na jihar Bahiya, kuma masanin tarihi Joao Jose Reis ya buga hotunan wasunsu a littafinsa a kan boren. Da jagorarmu ta buɗe mini shafin, sai na ga rubutu irin na makarantar allonmu, harafin fa da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Na fara karanta mata a fili, muryata na rawa. Shekararta huɗu tana nazarin waɗannan mutane, amma ranar ce ta fara jin yadda rubutunsu ke fita a baki.

Bayan boren, mallakar takarda mai rubutun Larabci kaɗai ta isa ta ja wa mutum bulala, sai addini ya koma cikin ɗaki a kulle. Duk da haka, jakadan Faransa a Rio ya ruwaito a 1869 cewa wasu masu shagon littattafai na sayar da Alƙur'ani kusan 100 a shekara, bayi da 'yantattu ne ke saye, wasu da kaɗan-kaɗan suke biya. Wani malami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Bagdadi, da jirgin ruwan Daular Usmaniyya ya sauke shi a Rio a 1866, ya tarar da su suna salla a ɓoye, ya zauna kimanin shekara uku yana karantar da su. Babban kukan da ya tarar shi ne na 'ya'ya: ana yi musu wankan baftisma tun suna jarirai, babu makarantar da za a kai su a fili, suna tashi suna bin addinin gari. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 wannan Musulunci ya ɓace, shinkafar ce ta rage da sunanmu. A matsayina na wadda ke tsayawa gaban allo kullum la'asar tana faɗa da yara a kan hadda, na daɗe zaune a kan wani dakali a Pelourinho ban ce uffan ba.

Akwai kuma wanda labarinsa ya shafe mu Katsinawa kai tsaye. Sunansa Muhammadu Gardo Baquaqua, haifaffen Zugu da ke Jamhuriyar Benin ta yanzu, a kan tsohuwar hanyar fataken goro ta Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, shi da kansa ya faɗa. An sace shi, aka kai shi Pernambuco da ke arewa da Bahiya wajen 1845, ya yi bauta a hannun wani mai gidan burodi, aka sake sayar da shi ga wani mai jirgin ruwa. A 1847 jirgin ya je New York da lodin kofi, ya samu ya tsere. Ya zauna a Haiti inda ya shiga hannun 'yan mishan ya karɓi addininsu, sannan a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Detroit na Amurka. Burinsa kullum ya koma gida ya ga mahaifiyarsa. Labarinsa na ƙarshe da aka samu na 1857 ne, yana Ingila yana neman hanyar komawa Afirka.

Ranar Juma'a muka yi salla a cibiyar Musulunci ta Bahiya da ke unguwar Nazare. Gida ne madaidaici, ba hasumiya irin ta Gobarau, kuma wani malami ɗan Nijeriya ya shafe shekaru yana jagorantar wurin. A sahun mata akwai baƙaƙen fata 'yan asalin garin da suka musulunta da girmansu, wasu ta dalilin karanta tarihin boren nan. Ba ma jin harshen juna, amma wata ta riƙe hannuna bayan sallama ta ƙi saki.

Kunya da tsaro

Mutanen Barazil akwai fara'a da son baƙo, kuma ba wanda ya tsangwame ni saboda hijabi, illa kallo da tambaya. Sai dai gaisuwarsu ta runguma ce da sumbatar kunci, maza da mata. Tun daga nesa ki ɗora hannu a ƙirji ki ɗan rusuna da murmushi, suna ganewa. A Pelourinho za ki haɗu da masu ɗaura wa baƙi wani ƙyalle mai launi a wuyan hannu, suna cewa kyauta ce, a yi ƙulli uku a roƙi buƙata uku. Camfi ne da ke da alaƙa da cocin Bonfim, kuma bayan an ɗaura za a nemi kuɗi. Ki ce "nao, obrigada" ki wuce.

Fizgen waya gaskiya ne, musamman a Rio da Salvador. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaron gwal ki bar su a Katsina. Kada ki tsaya a bakin titi kina latsa waya, ki shiga shago tukuna. Bayan magariba ki kira mota ta manhajar Uber maimakon tafiya a ƙasa, kuma kada ku shiga unguwannin tudu da suke kira "favela" ba tare da ɗan gari ba. In, Allah ya kiyaye, aka tare ki, ki miƙa abin da ke hannunki. A jirgin ƙasan cikin garin Rio akwai taragon mata zalla a lokutan cunkoso. Yawancin banɗakunansu kuma suna da ɗan famfon tsarki a gefe, amma 'yar ƙaramar butata ba ta bar jakata ba.

Tsarabar Hajiya

Wani marubucin Bahiya, Manuel Querino, ya bayyana yadda ake dafa shinkafar Hausa ta asali a littafinsa na girke-girke da ya fito a 1928: a dafa ta ba gishiri, a tuƙa da muciya har ta haɗe jikinta, a ɗaure da garin shinkafa. Kin ji tuwon shinkafa ke nan. Ta yanzu kuwa ga yadda na gwada ta a gida. Ki dafa shinkafar tuwo gwangwani uku ta yi laushi sosai, ki zuba madarar kwakwa kofi ɗaya, ki juya har ta kama jikinta, ki kife ta a faranti ki yi rami a tsakiya. Tun daren jiya kin shafe jan nama da gishiri kin shanya, ko ki yi amfani da busasshen naman layya in kina da saura. Ki jiƙa shi ya rage gishiri, ki tafasa, ki yayyanka ƙanana, ki soya da albasa mai yawa a cikin manja har ya yi ƙaras-ƙaras. A gefe ki jajjaga attaruhu da albasa da busasshen jatan lande, ki soya sama-sama a manja. Naman a cikin ramin, miyar a kewaye.

Ita na kai wa Hajiya washegarin dawowarmu, na zauna a gefen tabarmarta ina ba ta labarin alluna da layu da ɗan Bakatsiniyar nan. Ta ci loma uku ta ce tuwon bai ji muciya ba, kuma manjan ya yi yawa. Can ta ajiye cokali ta ce, "To shi yaron, ya samu ya dawo wurin uwar tasa?" Na ce mata a Ingila aka ji ɗuriyarsa ta ƙarshe. Ta yi shiru, ta ce, "Allah Sarki, uwa." Sannan ta ce in dawo ranar Alhamis in ƙawayenta sun taru, in sake ba da labarin tun daga farko.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.